Kaset ɗin da Inna Ta Sa Miki a Kwalla

Garu, Dutse.

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Halimatussa'adiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alhaji Mammadu da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya ba shi kasuwa mai albarka, Ya tsare ku daga ruwan Fatakwal ɗin nan da ba ya gajiya da zuba. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, an yanke gero a gonar Shuwarin, wake ne dai tsutsa ta ɗan taɓa. Ƙanwarmu Zulfa ta sauka lafiya, namiji, an sa masa Saifuddeen, kuma duk wanda ya gan shi sai ya ce hancinki ya ɗebo, Allah Ya ba shi haƙuri. Hawan jinin Inna ya lafa. Idon ne yana nan yadda kika bar shi, haske da duhu kawai take rarrabewa. Ga dabino nan na ba direban da zai kawo miki takardar, ki duba da kyau ko ya rage hanya da shi.

Na san za ki ce wace sabuwar al'ada ce ta rubuta takarda bayan ga waya a hannun kowa. Na ɗauki wayar ya fi a ƙirga, in na tuna abin da zan faɗa sai in ajiye ta. Saƙon murya kuwa kin san halin danginmu, kafin la'asar ya kai Ringim. Wannan magana tsakanina da ke ce, kuma ta shafi akwatin kaset ɗin Baba.

Ke kin fi ni sanin Baba a lokacin da muryarsa take tashe. Ni na taso ya fara manyanta, amma na ga yadda mutane ke yi in an ce Sale Sanyi ya ɗauki gurmi. Bai taɓa yi wa mai mulki ko mai kuɗi waƙa ba, kuma shi da bakinsa yake cewa bai taɓa ƙirƙirar baiti ko ɗaya ba. Tsofaffin waƙoƙin da kowa ya sani yake ɗauka, na gaɗa da na niƙa da na rakiyar amarya, waɗanda 'yan mata ke yi da ihu da tafi a dandali, sai ya kwantar da su, ya ja su a hankali da muryar nan tasa mai sanyi, har ki ji kamar yau kika fara jin waƙar da kika sani tun kina goye. Kin tuna yadda Inna ta tara kaset-kaset ɗinsa, ita da ko sunansa ba ta iya faɗa sai dai ta ce mai gurmi. Wanda aka ɗauka a gidan rediyo, wanda aka ɗauka a gidajen biki, da waɗanda ya ɗauka a tsakar gida da rakodar nan tamu mai jan maɓalli. Bayan rasuwarsa kuma ni da ita muka bi sawun sauran. Mun shiga motar Kafin Hausa saboda wata tsohuwa da aka ce tana da guda biyu, mun je Ringim wajen abokinsa mai gyaran keke. Mutane suka riƙa ba mu nasu, suna cewa gidan mai abu ya fi cancanta da ajiya. Akwatin ƙarfen nan mai zanen fure sai da ya cika har ana danna murfin da gwiwa. Ashe da hannunmu muke tara su wuri ɗaya don mai ɓarna ya huta da yawo.

Bayan ƙaramar salla ƙanenki Abdulrauf ya shigo ɗakin Inna ina nan, ya zauna a bakin ƙofa da ladabinsa, ya ce ya lura zaren kaset ɗin ya fara cinyewa, zafi da shekaru za su lalata su. Ya ce akwai mai gyaran rediyo a kasuwa da zai juye su duka a waya, ko jikokin jikoki su ji muryar kakansu. Wallahi, Yaya, har addu'a na yi masa. Na ce yau ga Yaya Abdulrauf ya tuna shi ɗan waye. Ni na goge akwatin, ni na ɗaure shi da igiya, ni na tare masa mai adaidaita. Inna ta ɗan riƙe hannun akwatin kafin ta saki, ta ce a bi mata su a hankali. Da ɗan gari akan ci gari.

Aka kwana biyu ya dawo da akwatin, kowane kaset cikin gidansa, rubutun Baba na ajami yana nan a jikinsu yadda yake. Da na tambayi na wayar sai ya ce mutumin bai gama ba. Ranar sunan jaririn Zulfa, bayan mata sun watse, Inna ta ce in sa mata na rakiyar amarya, wanda aka ɗauka a Kafin Hausa. Na sa, na danna. Sai muryar wani malami ta fito da ƙarfi yana wa'azi. Na ce ko kuskure aka yi wajen mayarwa, na cire na sa wani. Shi ne dai. Na sa na uku, na huɗu, na zazzage akwatin a kan tabarma ina sawa ina cirewa kamar mahaukaciya. Da na juya bayan kaset ɗin sai na ga an toshe 'yan ramukan nan da takarda, yadda ake yi in za a ɗauki sabon abu a kan tsoho. Duka, Yaya. Bai juye ko ɗaya a waya ba, dama babu wata waya. Ya kai su ne aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka danne muryar Baba da wa'azi. Inna kuwa sai laluben kaset ɗin take a kan tabarma tana mayar da su akwati tana jerawa.

Na sami Yaya Abdulrauf a zaure washegari. Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ni, amma ranar maƙwabta sun ji ni. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ko gezau bai yi ba. Ya ce shi taimakon mahaifinsa ya yi. Wai ya ji a wajen karatu cewa duk lokacin da aka saurari waƙar mawaƙin da ya mutu, ana ƙara masa nauyi a kabari, shi kuwa ba zai kwanta a kan katifa ubansa yana shan wuya a ƙasa ba. Ya ce bai ƙona su ba don kada ya yi almubazzaranci, ya mayar da su sadaka mai gudana ce, yanzu duk wanda ya danna Baba zai samu lada. Ya ce ai Baba ma ya tuba, tun da ya rataye gurmi bayan ya dawo daga Makka. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Baba ya rataye gurmi ne don tari ya cinye masa murya, kuma har makon da zai rasu shi ke cewa a sa masa kaset yana gyaɗa kai, yana nuna inda mai kalangu ya yi sauri. Na ce in har abin da ya yi alheri ne, me ya kawo ƙaryar waya? Mai kai sadaka ba ya shiga ta katanga. Sai ya ce mata ba sa gane irin wannan, da ya faɗa da mun hana.

Kada ki ɗauka ina faɗa da wa'azi ne. Ni ma ina zuwa Islamiyya, kuma ban isa in ce ga abin da ke cikin kabari ba, Allah kaɗai Ya sani, Shi ne kuma mai rahama. Da Yaya Abdulrauf ya zo ya zauna gaban Inna ya faɗi tsoronsa, da an tara mu, da an tambayi malamai fiye da ɗaya, da ko rufe akwatin aka yi da kwaɗo. Amma kayan ba nasa ba ne. Ranar rabon gado da bakinsa ya ce a bar wa Inna tarkacenta, shi gona yake so. Kuma wannan gurmin da yake jin kunyarsa yau, shi ya sa masa tuwo a baki, shi ya ɗinka masa rigar makarantar da ya koyi karatun da yake yi mana gadara da shi. Tun yana sakandare yake sunkuyar da kai in an ce masa ɗan Sale Sanyi. Ni ina ganin ba kabarin Baba kaɗai ya je sharewa ba, har da sunan da ke bin sa a gari. Allah Ya yafe mini in na zalunce shi, amma abin da zuciyata ta ba ni ke nan.

Inna ta hana ni kai ƙara wajen su Kawu. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, aikin gama ya gama, kada in raba mata kan 'ya'ya a kan roba. Roba ta ce, Yaya, ita da ta yi shekaru tana goge su da bakin zanenta. In ya shigo gaishe ta tana amsawa, tana sa masa albarka. Abinci ne dai ya rage shiga, kuma ta daina 'yar waƙar nan da take yi ƙasa-ƙasa in tana tsince wake.

Na yi kwanaki ina bin kaset ɗin ɗai-ɗai daga farko har ƙarshe, ko Allah zai sa mai gyaran ya tsallake wani wuri. A guda ɗaya tak na dace. Wa'azin ya ƙare kafin zaren ya ƙare, sai aka ji shuu, sai ga gurmi. Wutsiyar wata waƙar niƙa ce da ya ɗauka a tsakar gida, bai fi baiti ɗaya da rabi ba. Daga nan sai ya tsaya ya yi dariya, yana ce wa Inna ta daina ɓuya a bayan labule, ai yana ganin ƙafarta tana bin kiɗan. Sai kaset ya tsaya. Iyakar abin da ya rage mana na Sale Sanyi ke nan. Da Inna ta ji sai ta rufe fuska da mayafi kamar amarya, ta ce in mayar. Na mayar da zaren baya da biro, na sake mayarwa, har aka kira magariba.

Na ɗauka mata a wayata, amma kin san ba ta iya wayar shafawa ba, kuma da safe ina makaranta wajen ɗalibaina sai bayan azahar nake leƙowa. Rakodar kaɗai hannunta ya sani, ita kuwa maɓallin mayarwa baya ya daɗe da mutuwa, biron ma in ta gwada zaren ne ke zubo mata. To kin san abin da take yi? Sai ta juya kaset ɗin ta danna, ta zauna ta saurari fuska ɗaya har ta ƙare, ta sake juyawa ta saurari ɗayar, don ta iso wurin dariyar. Wa'azin da ke kai kuwa a kan makomar mawaƙa ne da masu sauraronsu. Kullum tsohuwar nan sai ta zauna ita kaɗai an gama faɗa mata irin azabar da ke jiran mijinta, sannan a bar ta ta ji ya yi mata dariya. Shekaranjiya Yaya Abdulrauf ya tare ni a ƙofar gida fuskarsa fal murna, ya ce in gani ko, duk hayaniyar da na yi ga shi Inna da kanta ta kama wa'azin, kullum ya wuce ta tagarta shi yake ji. Ya ce alhamdu lillahi. Na wuce abina, don in ya san dalili zai bi ɗan guntun nan ma ya toshe.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Daren da za a kai ki, Inna ba ta yi miki doguwar nasiha ba, kunyar 'yar fari ba ta bar ta ba. Amma na gan ta ta buɗe babbar kwallar jerenki ta sa kaset ɗaya a ciki ta rufe, wanda Baba ya ɗauka musamman saboda bikinki, fuska biyu cike. Ba ta taɓa tambayarki shi ba, ni ma sai yanzu. Na san kin yi ƙaura sau da yawa, na san damshin garinku ba ya barin komai, amma ki taimaka ki zazzage kwallaye da akwatuna. In kin same shi kada ki sa a kowace rakoda, kada ta cinye zaren. Ki kai wa mai sana'ar da kika yarda da shi ya juye, kina zaune kina kallonsa, sannan ki riƙe na asalin har ki zo da kanki. Kuma ki sani ƙanenki ya fara buga wa mutanen Ringim waya yana tambayar ko akwai sauran kaset a hannun wani, wai zai adana. In ya kira ki da zaƙin bakin nan nasa, ki gaisa da shi, ki tambayi iyali, ki tsaya nan.

Ki gaishe mini da Alhaji Mammadu da kyau, da Faisal da Karima, da auta Abdurrahim, a ce masa ina sane da alkawarin ƙuli-ƙuli. Zulfa da maigidanta suna gaisuwa, haka Asma'u matar Yaya Abdulrauf, wadda ba ruwanta, ita ke dafa wa Inna abin da ba ta ci. Shi kansa bai san da takardar nan ba, don haka babu gaisuwarsa a ciki. Na gaya wa Inna zan rubuto. Ta ce in gaishe da mutanen Fatakwal, kuma in ce kada a wahalar da kai wajen nema, in abin ya ɓata ya ɓata, ita dariyar ma ta ishe ta. Ni da ke mun san kara ce irin tata. Tun da na faɗa mata, ko sallamar mai talla ta ji a ƙofa sai ta tambaya ko direban ne ya zo karɓar takardar. Ki nemo shi, Yaya.

Wassalam. Taki har kullum, ƙanwarki,

Rabi'atu Sale.