Na Ce A'a, Suka Yarda

Malama mai shafin ba da shawara, ki taimake ni, bakina ya ja mini.

Ni tsohon mai gyaran komar kamun kifi ne daga garin Mokpo na bakin teku, can gabashin duniya. Sai da na yi furfura na shiga makarantar yamma na koyi karatu. A bangon ajinmu akwai hoton wani shahararren zane, wata mata tana tsiyayar madara a bakin taga. Idan baƙaƙe suka gagare ni ita nake kallo, ita ma aikinta take yi a hankali.

Yanzu haka ina ƙasar Holan! Jikata Dahye tana karatu a nan, a gidan wasu mutanen kirki take zaune, su suka gayyace ni. Ranar Asabar uwar gidan, Femke, ta kai mu gidan ajiye zane-zane. Malama, ga matar nan a gabana, ita da kanta, ashe 'yar ƙarama ce. Sai hawaye. Na share, suka dawo. Kafin idona ya washe, masu tahowa sun tura ni gaba. Dahye sai dariya, wai Kaka ya ƙetare rabin duniya ya zo kallon ruwan idonsa.

A mota Femke ta ce in ina so za ta sake kawo ni. Na ce a'a, kada ta wahalar da kanta, kamar yadda kowane mai tarbiyya zai ce. Na gyara zama ina jiran tayi na biyu da na uku. Matar nan ta ce to, ta kunna rediyo. Haka ta yi mini a kan ƙarin dankali, na kwana cikina yana ƙugi.

Mako mai zuwa zan koma gida. Dahye ta ce ita ba ruwanta, mai baki shi ke roƙo. Ni kuwa baƙo ya janye maganarsa a gidan da ake ciyar da shi? Amma me zan gaya wa 'yan ajinmu in suka tambaye ni yadda madarar take?

Tsoho mai murna, mai kuma cizon yatsa.

*

Baba,

Na yi dariya, ka yafe mini. Kai ba ka yi laifi ba, a Mokpo wanda ya karɓi tayi na farko sai a ce bai ga tarbiyya ba. Femke ma ba ta yi ba. A wurinsu nace wa dattijo bayan ya ce a'a raini ne, kamar an ce bai san abin da yake so ba. Girmama ka ta yi, ka kwana da yunwa.

Ba sai ka janye komai ba. Kai za ka gayyace ta. Ka ce kafin ka tafi kana son ka kai ta ita da maigidanta wurin zanen, don godiya. Baƙo mai gayyata ba roƙo yake yi ba. Dahye ta nemo muku tikiti yau, na safe, kafin jama'a su cika. A hanya ka ba su labarin tayi uku na garinmu, za su ji daɗinsa, wataƙila har tukunyar dankali ta sake zagayowa.

Gargaɗi ɗaya: in Femke ta ce a'a, kada ka maimaita. Tata a'ar ta gaske ce. Ka kama hannun jikarka ku tafi.

Allah ya sa ka kalla har ka ƙoshi, ya maido ka gida lafiya.