Abin da Baba Ya Gani a Cikin Kifina

Zuwa ga Yayata Nyawira,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah ya ƙara muku haƙurin zafin Mombasa. Mu nan sanyi ya hana mu sakat, yayyafi safe da yamma, amma ganyen shayi ya yi kyau. Mama lafiya lau. Baba kuwa gwiwoyinsa sun ƙi, har ya ce ba zai ƙara raka baƙi 'yan yawon buɗe ido fatsa kogin Gura ba.

Kin san abin da wannan ke nufi. Akwatinsa na ƙudajen gashi, waɗanda ya shekara arba'in yana ɗaurawa a ƙugiya da zare da gashin tsuntsu don yaudarar kifin tirawut, zai koma hannun wani, baƙinsa kuma su bi akwatin. Ni ne ɗansa, ni na taso ina riƙe masa raga. Amma tun da ƙanwarmu Gathoni ta kawo mana Ndegwa, mijin nan nata, ba a jin sunan kowa a bakin Baba sai nasa. Wai Ndegwa ya iya fatsa, wai yana ɗaga dutse ya duba ƙwarin da ke ƙasa kafin ya zaɓi ƙuda. Mutumin da shekara huɗu da suka wuce direban babur ne! Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, ko dariyarsa na ji sai raina ya ɓaci.

Ran Asabar Baba ya ce mu sauka kogi mu uku. Ya zauna kan dutse da bargonsa yana kallo. Kafin hantsi Ndegwa ya kama uku da wani ɗan ƙuda ruwan toka da ya ɗaura da gashin zakaransa, yana ta yi mini tsiya wai, "Babban yaya, ko kifin sun gane ka ne suke gudu?" Na canza jan ƙuda, na canza baƙin ƙuda, na sa mai kan ƙarfe da ke nutsewa, ko taɓawa ba a yi ba. Da na ji Baba ya kira shi "ɗana", sai na zagaya bayan kwanar kogin inda ba sa ganina, na tona ƙasa na ciro tana na soka a ƙugiya. Kin san a wurin Baba, mai sa tana a wannan ruwa ɓarawo ne, ya sha korar baƙi a kan haka. Jifa ɗaya na kama kifin da ya fi nasa ukun a haɗe.

Da na kawo shi, Baba ya yi murna har ya miƙe ba sanda. Sai ya zaro wuƙa don ya tsaga cikin kifin ya ga abin da suke ci ranar, yadda yake yi kullum, ni kuwa zumuɗi ya mantar da ni. Ina tsaye kansa na ga guntun tanar. Ndegwa ya matso yana tambaya me ke ciki. Baba ya rufe da babban yatsa, ya watsa kayan cikin a ruwa, ya ce ƙananan ƙwari ne kawai. Ban taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba sai ranar, kuma saboda ni. Bai dube ni ba har muka iso gida. Da yamma ya miƙa wa Ndegwa akwatin.

Na san kin yi niyyar kiran Baba ki sa baki saboda ni. Don Allah ki bari. Har yanzu in na ga akwatin a hammatar Ndegwa kishi nake ji, amma ba ni da bakin magana. Jiya Ndegwa ya zo mini da kwalbar zuma, ya cire hula, wai shi bai cancanta ba, ni ne gwani. Yana roƙo in koya masa ƙudan da na kama babban kifin nan da shi, ran Lahadi bayan coci, a gaban Baba. Na ce masa to.

Ki gaishe da maigidanki Thuita, da Wanjugu da ƙaramin Kibe. Mama da Gathoni suna gaishe ki. Ki sa ni a addu'a kafin Lahadi.

Ƙaninki,
Gicheha