Unguwar da Rana Ba Ta Sauka

20 ga Satumba

Yaya Gudrun,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya ƙafar? Ina fata kin daina hawa bene da kaya. Mu dai muna nan, da sauƙi.

Sati biyar ke nan ni da yara muna ɗaki ɗaya a masauki. Maigidana Gernot yana birnin Graz sai ƙarshen shekara zai bar aikinsa, saboda haka neman gida ya faɗo kaina. In na tashi daga aiki a asibiti, ƙafafuna kamar ba nawa ba, in kwashi Kilian da Resi mu bi dillali. Gida goma sha ɗaya muka gani.

Unguwar sama, kan tsauni, ta yi kyau har ta gaji. Rana daga safe har yamma. Amma Yaya, ba kowa. Tagogi duk a rufe. Masu gidajen baƙi ne, sati biyu suke zuwa wasan zamiya a ƙanƙara su koma. Dillali ya ce mini, "Kin ji shiru? Shirun nan ake saya." Kilian ya yi rabin awa yana buga ƙwallo a ƙofar wani gida, ko wanda zai leƙo ya yi masa tsawa babu. Da muka shiga mota ya ce, "Mama, mutanen mutuwa suka yi?"

Akwai wata unguwa can ƙasan kwari, bayan wurin yankan katako. Kekunan yara a zube ko'ina. Sai dai tsauni ya tare ta, daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana ba ta sauka. Kin kuwa san saboda ciwon ƙirjin Resi muka baro birni. Ban san yadda zan yi ba.

Ki gaida mijinki.

Ƙanwarki,
Verena

14 ga Oktoba

Yaya,

Na ga takardarki, na gode da safa. Da fatan sanyi bai tayar miki da ciwon ba.

Ke da Gernot bakinku ɗaya, ku ce unguwar sama. Shi hoto ya gani a waya. Bari ki ji abin da ya faru ranar Talata.

Haihuwa ta zo wa wata da gardama, ni kaɗai ce ungozoma, ban fito ba sai ƙarfe uku. Yara sun tashi tun sha biyu da rabi. Na isa makaranta a guje, ba su. Mai shara ya ce wata Notburga ta tafi da su unguwar ƙasa. Ban taɓa jin sunan ba. Yadda na tuƙa motar nan, ban sani ba.

Na tarar da su a kicin ɗin Notburga ɗin, ashe tsohuwa ce, su da yara biyar, Resi na shan romo da dunƙulen burodi, ita da sai na yi magiya take cin abinci. Na buɗe baki zan yi faɗa, tsohuwar ta riga ni. Ta ce, "Ke ce uwar? Yarinya tsaye a iska ba hula! Zauna, ke ma da gani ba ki ci komai ba."

Na zauna. Na ci. Sai kawai kuka ya zo mini, a gaban yaran mutane.

Na tambaye ta zancen rana. Ta ce, "Ba ta zuwa, mu muke binta. Kullum bayan makaranta wani ya kwashi yara ya hau da su gangaren tsauni, su sha rana awa ɗaya. Bi da bi muke yi. Ke Alhamis za mu ba ki." Ko gidan ban ce zan kama ba.

Likita ya ce in dai ɗakin ba danshi, a gwada. Na sa hannu jiya, na kama gida a unguwar ƙasa. Gernot ya kashe waya a kunnena.

Taki,
Verena

11 ga Janairu

Yaya Gudrun,

Barka da sabuwar shekara. Yaya gida, yaya ƙarfin jiki? Ki yafe mini shirun.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai wuya. Da tsakar rana fitila muke kunnawa. Wanki kwana uku bai bushe ba. Resi ta yi tari sau biyu, na farkon har sai da muka kwana asibiti. Gernot ya zo, yana kwashe ƙanƙara a ƙofa kowace safiya yana ƙunƙuni. Ranar Alhamis kuwa in ja yara tara zuwa gangare, in dawo a gajiye liƙis. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Jiya na dawo aiki ƙarfe biyu, gida ba kowa. Ƙofa huɗu na ƙwanƙwasa. Kilian yana gidan mai gyaran tukunyar ɗumama ɗaki, wai suna haɗa keken zamiya, ko kallona bai yi ba. Resi na same ta tana barci a kujerar wata mata da ko sunanta ban riƙe ba, an lulluɓe ta da bargo, numfashinta lafiya lau. Na sunkuya zan ɗauke ta, matar ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Bar ta. Je ki kwanta, kin ga idonki kuwa? In ta tashi na kawo ta."

Na koma gida, Yaya. Na kwanta da takalmina a ƙafa, ban farka ba sai biyar.

Ki kula da kanki.

Ƙanwarki,
Verena