A Bar Baba Ya Riƙa Fita

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa aikinka albarka. Mu ma nan ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Auta kuma ta gama jarrabawa, ta ishe mu da surutu.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro, don a waya ba ka bari in kai ƙarshen zance. Tun ranar da ya ɓace a hanyar shagonsa ka ce kada ya sake fita, muka bi. Wata biyu yana zaune a kujerar bakin taga, kuma wallahi Yaya, abin gaba ya yi. Telan da ya shekara arba'in yana riƙe awon mutane a ka, sai ga shi ya yanka wa rigar Auta hannun hagu biyu. Ya daɗe yana kallon yadin, sannan ya ajiye almakashi. Ranar ko abinci bai taɓa ba.

Na kai shi asibiti. Likita ta sa shi tafiya a kan wata na'ura, kafin minti uku sai haki. Ta ce zuciya da huhu ne ke kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata, kuma sau da yawa tsofaffin da ke motsa jiki har su yi gumi sun fi riƙe tunaninsu. Ba ta yi mana alkawarin warkewa ba, amma ta ce zaman nan cutar da shi yake yi. Ta ce ya riƙa tafiya da sauri, yadda zai iya magana amma ba zai iya waƙa ba. Baba ya ce dama shi ko a zaune bai iya waƙa ba.

To, na karya dokarka, yau sati bakwai ke nan. Kullum da safe amininsa mai gyaran agogo yana biyo masa, su zaga filin makaranta sau huɗu suna musu. Ni kuwa da sun fita zama ya gagare ni. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in leƙa ƙofa, in dawo in tarar ruwan shayi ya ƙone. Ranar Talata suka makara, na fita a guje da takalmi wari da wari, ashe zagaye suka ƙara. Har yanzu yakan nemi tabarau alhali yana goshinsa, ba zan ɓoye maka ba. Amma yanzu shi ke tuna lokacin maganinsa, kuma jiya ya saurari labarai ya maimaita wa Inna tiryan-tiryan.

Abin da ke damuna, Baba gani yake satar fita yake yi. Duk lokacin da ka kira, sai ya tura takalmansa ƙarƙashin kujera kafin ya amsa, kamar kana ganinsa. Na san tsoro ne ya sa ka hana, ni ma da shi nake wuni. Amma don Allah ka kira shi, ka ce masa da bakinka ya riƙa fita. Bai kamata mutumin da ya koya mana tafiya ya riƙa ɓoye mana takalmi ba.

Inna da Auta suna gaishe ka. Ka gaishe min da Anti da yara, da Kawu in kun haɗu. Ina jiran wayarka.

Taka,
Ƙanwarka