Jirgin Sallau da Maiwar Yaya Cindo

Gumel, Lahadi 3 ga Oktoba, 1954

Zuwa ga aminina Kofur Gwadabe, mai gyaran injin famfo na reluwe, Gagarawa Tasha.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta waɗanda suka sha ruwan gora ɗaya a yaƙin Bama, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Yaya ƙafar nan taka, tana barinka ka yi barci? Yaya Rakiyya da yara? Mu nan lafiya, sai godiya.

Shawara na zo nema, don haka ka ajiye dariyarka tukuna. Ka tuna akwatin da Baturen gona ya bar mini da zai koma ƙasarsu, ladan gyaran rediyonsa da na yi shekara biyu? A ciki akwai ɗan inji kamar dunƙulen hannu, da akwatunan wayar iska biyu, ɗaya a hannun mutum, ɗaya a cikin jirgi. Maɓalli ɗaya ne tak. Ka danna sau ɗaya wutsiya ta karkata dama, sau biyu ta karkata hagu. To, na ƙera jirgin. Gwangwala na fere na yi ƙashinsa, na rufe da alawayyo, na shafe da ƙaro har ya yi tauri. Sai dai na zarce, fiffiken ya kai kamu shida. Matata Zuliha ta ce in ya ƙara kamu ɗaya ita da tukwanenta za su koma zaure.

Da can wasa ne, yanzu ya bar zama wasa. Ka san Yaya Cindo, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Bana geronsa a Sule Tankarkar ya ƙone da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, maiwa kaɗai ta rage masa, kuma ita ce abincin mutum goma sha huɗu har baɗi. Ga tsuntsun nan jan-baki ya sauka a fadama, ba a taɓa ganin irinsa ba. Maƙwabta sun yanke shawarar yanka tasu da ɗanye, su tsira da rabi. Ni kuwa da na je makon jiya, bakina ya ja mini. Na ce wa Yaya ya bar tasa ta nuna, mako biyu da 'yan kwanaki ne kawai, jirgina zai kore masa tsuntsu. Ya dube ni ya ce to, ai ni na ga duniya, shi bai gani ba.

Tun daga ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Ɗan injin Bature ba don jirgi mai girman nan aka yi shi ba, ban sani ba ko zai ɗaga shi. Na ji labarin wani mutumin Damagaram a Maigatari yana da injin keken Faransa da ya cire, zan je in gani ran kasuwa. Kai ka fi ni sanin inji, ni waya na sani. Ƙarami marar nauyi, ko babba mai ƙarfi? Ka ba direban da ya kawo maka wannan takardar amsa, kada ka tsaya neman ambulan.

Ka gaida Rakiyya. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Sallau

Maigatari, Alhamis 7 ga Oktoba, 1954

Aminina Gwadabe,

Gaisuwa da fatan kana lafiya kai da mutanen gida. Amsarka ta same ni jiya da la'asar, kuma ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Na tambaye ka wane inji zan sa wa jirgi, ka ce in jingine jirgin a bango, in ɗaure babban injin a kan turmi a bakin gona, in cire masa salansa ya yi ta ruri. Wata bakwai ina fere gwangwala, Kofur. Ko a soja haka kake, a kawo maka doki ka tambayi ina jaki.

Na ga injin. Mai shi dattijo ne mai sauƙin kai, na gyara masa fitilar batir, ya ce in ɗauka aro har ya tashi komawa gida. Ya gargaɗe ni cewa abin mashayin fetur ne, wanda shi yake kira isansi. Muka tayar da shi a bayan kara, inda ake cinikin dabbobi, ba salansa. Jakuna uku suka tsinke, ungulayen mahauta suka watse, wani Bafillace ya bi ni da sanda. Ƙara dai akwai ta, ban ƙaryata ka ba.

Amma na kai shi sikelin 'yan gyaɗa, laba goma sha ɗaya. Na Bature bai cika laba ɗaya ba. Da na ɗaura shi a hancin jirgin don gwaji, sai jirgin ya durƙusa kamar raƙumi, girgizar kuma ta tsaga mini gwangwala biyu kafin in kashe. Yana kuma tofar da tartsatsi. In na ƙara wa ƙashin ƙarfi, nauyi ya ƙaru. In na bar shi haka, zai karye a sama da fetur a cikinsa, bisa maiwar da ta fara bushewa. Ƙaramin kuwa kananzir yake sha da man zurma da ɗan ruwan nan na asibiti mai sa barci, ba ya tartsatsi, amma kukansa bai fi na sauro ba. Duk inda na juya akwai abin tsoro.

Ɗazu a kasuwa na haɗu da wani ɗan garinmu. Ya ce maƙwabta sun fara yanka tun shekaranjiya. Yaya ya ba shi saƙo ɗaya, wai a tambayi Sallau ko har yanzu a jira. Ban ko numfasa ba na ce a jira. Da mutumin ya juya baya sai na zauna a kan buhun wani ban nemi izini ba.

Gobe zan ɗora jirgin da injinan biyu a mota zuwa Sule Tankarkar. Ka sa mu a addu'a, ka bar faɗan sai mun haɗu.

Naka har kullum,
Sallau

Sule Tankarkar, Talata 12 ga Oktoba, 1954

Gwadabe,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Mu nan jiki lafiya, hankali ne ba ya kwance.

Duk gonakin gabas an yanke su, ta Yaya kaɗai ke tsaye, saboda haka duk tsuntsun fadama ita ya sa wa ido. Da an sallame asuba yake tasowa, baƙi ƙirin kamar hayaƙin ƙona daji. Rumfunan tsaro huɗu aka kafa a kusurwoyin gonar, an ja igiyoyi daga wannan zuwa waccan, an rataye gwangwanaye da sakaina. Yaya na kan ɗaya, matarsa Lauratu na kan ɗaya, 'ya'yansa magidanta biyu, Manu da Ilu, na kan sauran. Suna jan igiya, suna wurga majajjawa, suna ihu har hantsi, su sake da la'asar. Duk muryarsu ta dushe. Amma suna riƙe da gonar, abin da tsuntsu ya ci bai taka kara ya karya ba. Ƙa'idar aikin ɗaya ce, Yaya ya maimaita mini ita sau uku: ba a sauka daga rumfa sai rana ta yi zafi, ko da gobara aka yi a gida.

Na gwada shawararka ran Lahadi, don kada ka ce na raina ka. Na ɗaure babban a kan turmi, na share ƙasa kewaye da shi, na tayar. Tsuntsu ya tashi gaba ɗaya, bai dawo ba sai da yamma. Ranar Lauratu ta sami sukunin dama fura a zaune. Yaya ya ce mini, cikin lallashi kamar yana roƙon yaro, ko za a bar shi haka nan, kwana biyar ne suka rage. Na ce fetur ɗin gwangwani ɗaya ne ba zai kai ba, ga tartsatsi, ga mai shi yana shirin tafiya. Duka gaskiya ne. Amma kai zan gaya wa abin da ban gaya masa ba. Fetur ana samu a Gumel, dattijon kuma da na roƙe shi mako guda zai ba ni. Ni dai na tsaya ina kallon injin nan yana ruri a kan turmi, jirgina yana jingine a rumbu kaji na hawa, sai na ji kamar an mare ni. Yau da safe na ɗora babban a motar Maigatari, na mayar wa mai shi.

Na zaɓi ƙaramin ke nan. Na cire duk abin da zai ciru don jirgin ya yi sauƙi, har ƙafafunsa na sake su da siraran ƙarafan laima. Matsala guda, ba zai iya tashi a rairayin bakin gona ba, sai a faƙon nan mai tauri na yamma da gari, tafiyar minti goma. Kuma ba ya son iska, dole da sassafe. Dabarata in tayar da shi kafin tsuntsu ya iso, in bi shi da akwatin har gona, ya yi ta shawagi kamar shaho. Ai ba ƙara kaɗai tsuntsu ke tsoro ba, yana tsoron inuwa. Haka nake ta gaya wa kaina.

Jibi ne, in Allah ya kai mu. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko ranar da muka haye kogin nan da akwatin waya a kai.

Naka,
Sallau

Sule Tankarkar, Asabar 16 ga Oktoba, 1954

Aminina Gwadabe,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji rauni, na fara da wannan don hankalinka ya kwanta.

Jirgin ya tashi.

Na isa faƙo da duku-duku ni kaɗai. Injin ya ƙi kamawa saboda sanyin safiya, na yi ta kaɗa farfela har yatsana ya fashe. Da ya kama, sai na ga ba zan iya riƙe jirgi da akwati a lokaci ɗaya ba, ga fiffike na neman wanda zai tallafe shi ya yi gudu da shi. Gabas ta fara ja. Na aiki wani yaro mai wucewa ya kira mini Manu da Ilu, na ce minti biyar ne su koma. Ni da bakina na sauko da su daga rumfa. Kafin su iso labari ya gama gari, maza da mata, har liman, kowa ya nufo faƙo. Da Yaya ya ga 'ya'yansa sun ruga, ga mutane na gudu, ya zaci injin ya cinye mini hannu. Shi da ya kafa ƙa'idar, shi ma ya sauko.

Suka yi gudu da shi, suka saki. Ya yi kamar zai faɗi, ya ɗago, ya hau. Gwadabe, ya yi kyau. Rana ta bugi alawayyon nan, na danna ya karkata dama, na danna ya karkata hagu, mutane na salati. Na waiga na ga Yaya da baki buɗe yana murmushi kamar yaro. Na zagaya da shi sau uku a kan jama'a. Ba wanda ya ce in yi, daɗi ne ya ɗebe ni. Sai a zagaye na uku na tuna da gona.

Da muka isa a guje, ba a ganin maiwar, tsuntsu ya rufe ta. Na kai jirgin kansu. Suka buɗe masa hanya ya wuce, suka rufe, ko ɗagowa ba su yi ba. Sau biyu ya wuce man ya ƙare, ya sauka a gonar maƙwabci lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Lauratu kaɗai muka tarar a kan rumfa, tana jan igiya da tafin hannu duk jini, bakinta na motsi amma murya ba ta fita.

Mun yanke abin da ya rage jiya. Zangarniya ce tsaye ba ƙwaya. Abin da muka ɗaure ba zai kai su ƙarshen sanyi ba, maƙwabtan da suka yanka da ɗanye sun ninka mu sau huɗu.

Na so a zage ni, ba wanda ya zage ni. Lauratu ta kawo mini tuwo da hannu a naɗe da tsumma. Yaya ya ce haka Allah ya rubuta, ya ce kuma shi dai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Na ce zan ɗauki yara huɗu su zauna wurinmu a Gumel, ya yarda. Na ce sauran ma ni zan ciyar, ya ce gyaran rediyo ba ya ciyar da gida biyu, kuma gaskiyarsa ne.

Ga dalilin takardar nan. Yau da hantsi ya kira ni zaure, ya sa Manu da Ilu suka fita. Ya ce ya ji ana ɗaukar masu dakon buhun gyaɗa a tasharku in kaka ta yi. Shekararsa hamsin da takwas, bai taɓa kwana a wani gari don neman abinci ba, bai taɓa ɗaukar kayan wani a kansa ba. Ya ce tunda ina da aboki a can, kuma na iya rubutu, in roƙa masa. Ya zauna a gabana yana jira, yanzu haka yana kallon alƙalamin nan.

Don Allah ka yi masa magana wurin shugaban lebura. Ya ce in rubuta maka cewa bayansa da sauran ƙarfi, kuma ba shi da surutu. Na rubuta.

Naka,
Sallau