Gwangwanin da Ke Saman Kabad

Yaya,

Ina gaishe ki, don an koya mini gaisuwa ne kawai. Tunda wayarki ta zama ta ado, ga takarda.

Likita ya sake ɗage aikin tiyatar Baba. Ya ce ƙarin da ke cikinsa ba ya jira, amma ba zai taɓa jikin da ya rame haka ba, sai ya yi ƙiba. Ina dafawa ina lallashi, ya yi loma biyu ya ture kwano. Bel ɗinsa ma da kansa ya ƙara wa huda, da basillar da yake ɗinkin takalma da ita.

Jiya ina wanke kofinsa na ga guntun ganye a ƙasa. Na shinshina. Ganyenki ne na kashe yunwa, wanda kika zo da shi kina neman shiga rigar da ta matse ki. Kin yi tafiyarki kin bar mana shi, tsoho yana ta sha a zaton shayi ne. Idan wani abu ya same shi, ban san da wane ido zan dube ki ba.

Ki huta lafiya, in kin iya.
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwar, da abin da ke cikinta. Bakinki dai har yanzu ya riga kanki tashi.

E, nawa ne. Amma ba a kicin na bar shi ba. A saman kabad na ɗora gwangwanin, bayan tsohon dutsen guga, inda ni kaina sai na taka kujera. Kuma Baba bai ɗauke shi shayi ba. Ranar da zan tafi ya tambaye ni na mene ne, na faɗa masa, har ya yi mini dariya. Ke da kike kwana gida ɗaya da shi, wa ke taka masa kujera? Ki duba kafin ki sake zagina.

Ki gaishe shi.
Yayarki

Yaya,

Sallama. Na duba. Ba ƙura ko kaɗan a kan murfin, gwangwanin ya kusa ƙarewa. Yau da safe na yi kamar na tafi aiki, na dawo ta ƙofar baya. Na same shi a kan kujera, hannu ɗaya riƙe da wando.

Na ce, “Baba, kashe kanka kake so ka yi, ka bar ni da gawa?” Ya ce, “Riƙe mini kujerar nan tukuna.”

Na zubar da ganyen. Ban taɓa jin haushin mutum haka ba, kuma ba ke ba ce, kada ki saka ran ban haƙuri. Na ba shi biro na ce ya yi miki bayani da kansa.

Sai na ji ki.
Auta

'Yata,

Allah ya yi miki albarka. Ku daina faɗa, ba laifin kowa.

Mahaifiyarku ma an ce ta ci, ta ci. Da hannuna na riƙa ba ta har ta kai nauyin da likitoci suke so. Ni na tura gadonta zuwa ƙofar ɗakin tiyata, ba ta fito da rai ba, ni aka miƙa wa 'yan kunnenta a leda. Tsoro nake ji.

Auta ta ajiye mini kwano, ta tsaya a kaina kamar soja. Ki zo. In kuna nan ku biyu, zan ci.

Babanku