Bakina da Jirin Al-Amin

Rabi,

Na gudu gida Darmanawa kafin ki taso aiki, kunyarki nake ji. Ɗazu Kande maƙwabciyarki ta leƙo, ni kuwa uwar surutu na zazzage mata faɗanki da maigidanki, har da ƙarin gishiri wai yaji za ki yi. Ashe ɗanki Al-Amin na bayan labule. Yana miƙewa jirin nan nasa ya kwashe shi, gumi sharkaf, ƙirji na dukan uku-uku. Na ɗaga ƙafafunsa yadda likita ya ce, ya farfaɗo. Yana barci, yayarsa na wajensa.

Soja ma sun koma bariki, bakina ya ƙi ritaya.

Kin san zurfin cikin yaron nan, ba zai tambaya ba. Ke ki fara ce masa ba inda za ki.

Inna